Ɓeran Ɗakin Gwaji da Neman Maganin PCOS



Larurar da likitoci ke kira PCOS ta daɗe tana wahalar da mata. Tun 1935 Stein da Leventhal suka bayyana ta a Chicago: al'ada ta rikice, ƙwai ya ƙi fita, sinadarin maza ya yi yawa har gashi ya tsiro a haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. A gidajenmu kuwa, matar da ta jima ba ta samu ciki ba ita ake ɗora wa laifi, har a fara maganar kishiya.

Wajen neman magani a kan ɓera ake gwaji, amma ɓera ba ya kamuwa da wannan cuta da kansa, sai an sa masa. A 2004 masana a Turkiyya suka riƙa ba ɓeraye mata maganin letrozole kullum har kwana 21. Maganin yana toshe hanyar da jiki ke mayar da sinadarin maza ya koma na mata, sai ƙwai ya tsaya, ƙuraje su cika ma'ajiyarsa. Daga nan ake gwada metformin ko clomiphene ko ruwan wani ganye, a ga ko za su warware.

To ku saurara da kyau. Wannan letrozole ɗin da ke lalata ɓera, shi ne yau ake fara ba mace mai PCOS don ta fitar da ƙwai, na kwana biyar kacal. Gwajin da aka buga a Amurka a 2014, a kan mata 750, ya nuna kashi 27.5 sun haihu da shi, clomiphene kuwa kashi 19.1. Magani ɗaya ne ga ɓera da mace. Yawansa, tsawon shansa da jikin da ya shiga ne suka bambanta. Zagayen fitar da ƙwai na ɓera kwana huɗu zuwa biyar ne, ba ya jinin haila, kuma ƙwai da yawa yake saki lokaci guda.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji mai tallan magani a rediyo yana cewa "an gwada a jami'a". A kan ɓera aka gwada, kuma sau da yawa abin da aka gani shi ne jikinsa yana farfaɗowa bayan an daina ɗura masa letrozole.

Ba ina raina dabbobin ba ne. A Lille ta Faransa, a 2018, tawagar Paolo Giacobini ta yi wa ɓeraye masu ciki allurar sinadarin AMH, 'ya'yansu mata suka taso da alamun cutar, sannan maganin cetrorelix ya daidaita su. Wannan ya ƙarfafa tunanin cewa larurar tana iya farawa tun a cikin mahaifa, kuma ƙwaƙwalwa na da hannu a ciki, tambayar da ba za a taɓa gwada ta a kan mace mai juna biyu ba.