Makarantar Ƙauye a Ƙasar Yup'ik

A kudu maso yammacin jihar Alaska ta Amurka, inda kogunan Yukon da Kuskokwim suke shiga teku, akwai ƙauyukan al'ummar Yup'ik da mota ba ta zuwa, sai jirgin sama ko na ruwa. Kafin 1976, yaro mai son sakandare sai ya bar iyayensa ya tafi makarantar kwana mai nisa. Wani sulhu da aka yi a kotu a shekarar 1976 ne ya kawo sakandare ƙauyuka.

Yau makarantu da dama suna fara koyarwa da harshen gida, wato Yugtun. Wasu malamai suna koyar da lissafi da awon rumfar shanya kifi, dattawa kuma kan shiga aji su koya wa yara ɗinkin fata da rawar gargajiya. Karatun da bai raba yaro da gidansu ba, shi ne yake zama a kai.