Baƙuwar Jiya, 'Yar Gari Yau



Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa 'yan ƙungiya, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Mun gode wa Allah da ya sake zagayo da mu ranar da aka kafa wannan ƙungiya, muna raye, kanmu a haɗe. An ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu ce wani abu. To ga shi, da hannunmu muka rubuta.

Da yawanmu ba a Kano aka binne cibiyarmu ba. Wasunmu aure ne ya kawo mu, wasu neman abincin maigida. Wasu daga Gwoza da Bama muka taso a 2014, wasu daga Baga a farkon 2015, lokacin da rikicin Boko Haram ya tashe mu. Na baya-bayan nan kuma daga ƙauyukan Zamfara da Katsina 'yan bindiga suka koro su. Hanya daban-daban, amma duk mun san ɗacin baƙunta.

Kun san kirarin garin nan: ko da me ka zo an fi ka. Wallahi baƙuwa ce ta fi kowa sanin ma'anarsa. A garinku ke ce gwanar ƙuli-ƙuli, a nan layi ɗaya sai ki tarar da mata biyar suna yi. Ki buɗe baki, a gane daga harshenki ba 'yar nan ba ce, sai a ƙara miki kuɗi. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi karya zuciya shi ne tambaya guda: "Wa ya san ki?" A gida, mai shago ya san mahaifinki da kakanki, zai ba ki kaya ki sayar ki kawo kuɗi. A nan ko tiya ɗaya ta gero ba mai ba ki bashi. Mace tana da hannu, tana da sana'a, amma sai ta koma ɗaki ta zauna, tana ganin kamar ba ta da amfani.

Me ya fito da mu daga ɗakin? Na farko tambaya. Matambayi ba ya ɓata. A bakin matan da suka riga mu zuwa muka ji cewa kayan gwari sai 'Yankaba, kuma da sassafe ake zuwa. Hatsi sai Dawanau. Atamfa da yadi sai Kantin Kwari. Kayan masarufi sai Singa. Su suka koya mana a ji farashi wurin mutum biyu ko uku kafin a taya, a yanke la'adar dillali tun kafin a ɗaga kwando, a duba ƙasan kwandon tumatir ba samansa kawai ba. Kuma a sa kuɗin adaidaita sahu da na ɗan dako cikin lissafi, in ba haka ba riba a hanya za ta zube.

Na biyu karatu. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, amma aji ba ya bin mace gida, sai ta tashi ta je. Mun je, wasunmu da goyo, wasu da jikoki. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka. Yau muna rubuta uwar kuɗi daban, riba daban, mu rubuta sunan mai bashi da ranar da ya karɓa. Mun daina dangwala yatsa a takardar da ba mu san abin da ke cikinta ba. Amfanin wannan ya fito fili a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma taransifa. Wadda ta iya karatu ta duba wayarta ta tabbatar kuɗi sun shiga asusunta kafin ta miƙa kaya. Wadda ba ta iya ba, sai dai ta yarda da abin da mai saye ya nuna mata, ko ciniki ya wuce ta.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne wata ta tsaya miki. Kowaccenmu tana tuna matar da ta ce, "Na san ta, a sa ta a adashi, in ta gaza ni zan zuba." Ranar nan baƙunta ta fara ƙarewa. Da kwasar farko aka sayi kasko, ko injin markaɗe, ko buhun gyaɗa. Daga nan kuma wata ta zo tana tambayarki hanya, sai ki ga ashe ke ma kin zama abin dogaron wani.

To, iyayenmu, ga inda maganar take. Dokarmu ta ce ba a ɗaukar sabuwa sai da mai tsaya mata. Doka ce mai kyau, ita ta tsare mana kuɗinmu, ba mu ce a cire ta ba. Amma a Hotoro da Mariri da Kurna da Ɗorayi akwai matan da suka sauka kwanan nan, ba su san kowa ba. In muka ce sai wadda muka sani, ai ƙofar da aka buɗe mana muka rufe.

Roƙonmu shi ne, kafin wannan rana ta sake zagayowa, kowace tsohuwar 'yar ƙungiya ta riƙe hannun baƙuwa ɗaya. Ta raka ta kasuwa, ta kai ta aji, ta zauna da ita ta ga halinta. In ta gamsu, ta tsaya mata, a fara da ƙaramin zubi. E, akwai kasada, wata za ta iya gazawa. Amma mu ma kasada aka yi a kanmu, ko ba haka ba?

Ku kuma mazajenmu, mun gode da izinin da kuka ba mu. Ku faɗa wa abokanku abin da kuka gani a gidajenku: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'yanmu, in kun ga uwarku tana haɗa baƙi a hankali, kada ku yi dariya, ku zauna ku ja mata.

Allah ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya sa albarka a kasuwarmu, ya bar mu tare.