Tsohon Kwalekwale: Sayensa da Kula da Shi a Ƙasar Gaya da Ajingi



Wanda duk ya ji an ambaci Gaya, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ƙira, domin tarihin Kano ya nuna cewa daga can ne maƙeran nan Abagayawa suka taso neman tama, har suka sauka a Dutsen Dala. Ba safai ake tuna cewa ƙasar Gaya da Ajingi tana da masunta ba. Alhali kuwa kogin da ya ratsa Wudil, watau Kogin Haɗeja, ta wannan yanki yake bi ya nufi Ringim, kuma akwai gidaje a bakinsa waɗanda abincinsu da suturarsu da sadakin 'ya'yansu duk a cikin kwalekwale guda suke. Sau da yawa kuwa kwalekwalen nan ba sabo ba ne, na hannu ne, wani ya ci ƙuruciyarsa ya sayar.

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kogin na damina ne. Da rani sai ya yanke ya bar kududdufai, masunci ya hau gora ya shiga da koma, bai bukaci jirgi ba. Tiga, da Challawa wadda aka gama a 1992, sun rage ambaliyar da ke cika fadamu, amma sun sa ruwa yana gudu har tsakiyar rani. Saboda haka mai shimfiɗa taru ko mamari, mai neman tarwaɗa da karfasa da kurungu a ruwa mai zurfi, ba shi da makawa sai da jirgi. To, manyan itatuwan maɗaci da kawo, waɗanda masassaƙi ke fafewa da gizago su zama kwalekwale, sun yi wuya a ƙasar Kano. Katakon da kafinta ke haɗa jirgi da shi daga kudu ake kawo shi, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin dakonsa ya hau. Shi ya sa talaka ke neman tsoho.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta kamata mai saye ya sani kafin ya kwance bakin jakarsa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi kaya sa'an nan ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da ikon mayarwa. Amma Muhtasar na Shehu Halilu ya ware irin aibin da ba a iya ganinsa sai an fasa abin, kuma cikin misalan da ya kawo har da ƙwaron da ke cin cikin itace. Watau idan mai sayarwa bai sani ba, bai kuma yi algus ba, mai saye ba shi da inda zai kai ƙara. Ashe ke nan duba jirgi aikin mai saye ne shi da kansa, kada ya jingina da bakin dillali, wanda la'adarsa yake nema.

Tsofaffin masunta da kunne suke sayen jirgi. Sai a jawo shi kan tudu a kife, a bi shi da ƙotar gatari ana ƙwanƙwasawa tun daga goshi har gindi. Itace mai rai ƙara yake yi. Wanda ya ruɓe sai a ji shi dum, kamar an bugi buhun dusa. Inda aka yi shakka sai a soka bakin wuƙa, in ta shige ba gardama, magana ta ƙare. Faci ba abin tsoro ba ne, gama babu tsohon jirgin da ba shi da shi. Abin tsoro shi ne sabuwar kwalta da aka shafe ƙasan jirgi da ita gaba ɗaya ana gobe ciniki, domin kwalta, kamar lalle, tana rufe abin da ba a son a gani. In jirgin katako ne, a dubi ƙusoshi: wadda ta yi tsatsa ta baƙanta itacen da ke kewaye da ita ta riga ta saki, ko da kanta yana nan. In na sassaƙa ne, tsagar da ta bi tsawon gefe ana iya ɗinke ta da ƙarfe, kuma a ƙasar Gaya ba a rasa maƙerin da zai yi wannan; amma wadda ta gitta ƙasan jirgi, nan ne nauyi ke sauka, gyaranta ba ya daɗewa. Bayan haka sai a sa shi a ruwa, a ɗora masa kaya daidai abin da zai riƙa ɗauka, a bar shi ya kwana. Ruwan da aka kwashe da ƙoƙo da safe shi ne zai faɗi kuɗinsa na gaskiya.

Game da kulawa kuwa, mutane da yawa suna zaton ruwa ne ke kashe jirgi, amma a wannan ƙasa rana da hunturu sun fi yi masa ɓarna. Itace in ya sha ruwa kumbura yake yi, bakin katakai ya haɗe, yoyo ya tsaya. In aka yasar da shi kan rairayi cikin Maris da Afrilu, sai ya tsuke, ya tsattsage, ƙusa ta yi sako-sako, gara kuma ta same shi daga ƙasa. Wanda ba zai yi su ba na wani lokaci, gara ya nutsar da jirginsa a ruwa marar zurfi, ko ya ɗora shi kan duwatsu a inuwa ya rufe da zana. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya kawo, a kankare tsohuwar kwalta, a cusa tsumma ko auduga a mahaɗin katakai, a narka sabuwa a zuba, a canja ƙusoshin da suka mutu. Wahalar ita ce, da can kogin ne da kansa ke ba masunci hutun yin wannan aiki; yanzu da ruwa ba ya yankewa, kowace ranar gyara ranar asarar kifi ce, sai a yi ta cewa gobe.

Wannan "gobe" ba ta tsaya kan mai jirgi shi kaɗai ba, domin kwalekwalen da ke su da asuba, shi ne ke fito da hantsi, ya ɗauki mata da yara da buhunan hatsi zuwa kasuwa. Ba a manta da abin da ya faru a Bagwai ba cikin Nuwamba 2021, inda jirgin da aka cika wa kaya fiye da kima ya kife a madatsar Watari, mutum fiye da ashirin suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya. Tsohon jirgi kuwa ba ya ɗaukar abin da ya ɗauka yana sabo, ko da girmansa bai ragu ba.

Ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke wannan zaure suna da abin yi a nan, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Sarkin Ruwa ya san jiragen mashigarsa ɗai-ɗai, ya san wanda ya canja hannu da wanda ya shekara bai ga kwalta ba. Da za a zauna da shi cikin watan Mayu, a kife jiragen fito a ƙwanƙwasa, a ja wa kowanne layi da fenti a gefe inda ruwa bai kamata ya wuce ba in an yi lodi, to, ko tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta iya duba layin nan kafin ta sa ƙafarta a ciki.