Mu Kai Marubuta Makarantunmu



Da yawanmu mun karanta Magana Jari Ce, amma har Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981 ba mu taɓa ganinsa ba. Shi ya sa muka tashi da zaton marubuci mutum ne na nesa. Kada ƙannenmu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su gaji wannan zato.

Shawararmu ita ce, kowace shekara mu kai marubuci ɗaya ya yini a wata sakandaren masarautarmu. Kano cike take da su, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, mawallafin In Da So Da Ƙauna. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta masu yawa.

Sai dai gayyata kaɗai ba ta wadatar ba. Mu sayi littafinsa wata guda kafin ya zo, malaman Hausa su karanta shi da ɗalibai. Mota da masauki nauyinmu ne. A bar wa yara lokacin tambaya, ya kuma duba rubutunsu. Gani ya kori ji.

Allah Ya taimake mu.