Ganuwa da Gwalalo a Ƙasar Kano



A shekarar 1554 aka gama ginin gidan sarauta na Egeskov a ƙasar Denmark, bisa turakun katako a tsakiyar ruwa, ba a shigarsa sai ta gada. Iyalin basarake guda da barorinsa yake tsarewa. Mun kawo shi ne don mu auna shi da namu.

Ganuwar Kano ta girme shi nesa. Sarki Gijimasu ya fara ta a wajejen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Abin lura shi ne abin da ta kewaye: ba fada kaɗai ba, har da Kasuwar Kurmi, da Dala da Gwauron Dutse, da gonaki masu faɗi. In abokan gaba suka yi wa gari zobe, talakan karkara ya shigo da iyalinsa da dabbobinsa, a ci gaba da noma a ciki.

Dabarar ginin kuwa aiki guda ne mai riba biyu. Ramin da aka haƙo ƙasar ganuwa daga cikinsa, shi ne ya zama gwalalo. Maimakon ruwa, sai a bar sarƙaƙiya ta cika shi, wadda doki ba ya ratsawa. Ta ciki akwai badala inda 'yan baka ke tsayawa. Ƙofofi kuma ƙuntatattu ne, kowacce da sarkinta, ana rufe su da dare.

Garuruwanmu na arewacin Kano, irin su Dambatta, sun yi nasu gwargwadon ƙarfinsu, domin su ne ke bakin hanyar mayaƙan Damagaram a ƙarshen ƙarni na 19.

Sai dai ginin ƙasa ba ya haƙuri da sakaci. Damina tana ci, da rani a fito da gayya a yaɓe. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, tsoron hari ya kau, gayyar ma ta mutu. Sauran ɓarnar, mu faɗi gaskiya, hannunmu ne: mai gini ya ɗebi ƙasa, manomi ya tura kunya cikin gwalalo, mai fili ya aza harsashi a kan tudun. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sāke ta da siminti. Egeskov kuwa yana nan cikin ruwansa, baƙi suna biyan kuɗi su shiga kallo.