Yini Guda a Ƙauyen Injinan Iska na Ƙasar Holan



An umurce mu da mu tsaya gabanku mu ba da labarin ƙasar Holan, inda mu biyar muka yi makonni uku a lokacin dogon hutu muna wani ɗan kwas. Da muka zauna shawara sai muka ga labarin makonni uku ba zai shiga cikin ɗan lokacin da aka ba mu ba. Saboda haka muka zaɓi yini guda, wato ranar da muka ziyarci wani ƙauye mai suna Zaanse Schans, domin tun da muka dawo gida babu ranar da muke yawan muhawara a kanta kamar wannan.

Ƙauyen yana bakin kogin Zaan, arewa da birnin Amstadam, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba a jirgin ƙasa. Muna sauka tasha ƙamshin cakulan ya tarye mu. Da muka tambaya aka nuna mana masana'antun sarrafa koko a gefen kogi, aka ce yawancin ƙwayar da suke niƙawa daga Afirka ta Yamma take zuwa, daga Kwaddebuwa da Gana da Nijeriya da Kamaru. Muka taka kamar minti goma sha biyar, muka hau gada, sai ga su a jere can hayin ruwa: dogayen gine-gine na katako, kowanne da fukafukai huɗu suna juyawa a hankali.

Kafin mu je, zatonmu shi ne duk injin iska na Holan aikinsa ɗebe ruwa ne, da yake kusan rubu'in ƙasar yana ƙasa da bisan teku. Lalle akwai irin waɗannan, kamar guda 19 na Kinderdijk waɗanda aka gina yawancinsu a 1738 da 1740. Amma na kogin Zaan masana'antu ne. Da iska suke tsaga katako, su matse mai, su niƙa fenti da kayan yaji, su yi takarda. A farkon ƙarni na 18 injinan da ke aiki a wannan yanki sun kai wajen 600, shi ya sa masana tarihi ke lissafa shi cikin yankunan masana'antu mafiya daɗewa a Turai.

Tushen wannan arziki dabarar wani manomi ce, Cornelis Corneliszoon, mutumin garin Uitgeest, wanda a 1593 ya sami takardar mallakar fasahar injin tsaga katako. Matsalar da ya warware ita ce, fukafuki juyawa yake yi, alhali zarto sama da ƙasa yake bukata. Sai ya sa wata sanda mai gwiwa a tsakani, wadda in ta juya take ɗaga zarto ta sauke. An ƙiyasta cewa injin ya ninka saurin masu tsaga da hannu wajen sau 30. Katako ya yi araha, ƙera jiragen ruwa ya bunƙasa, har Sarkin Rasha Bitrus Babba ya zo garin Zaandam a 1697 a ɓad da kama, ya yi kamar mako guda yana koyon sassaƙar jirgi. Mun shiga wani injin katako mai suna Het Jonge Schaap, muka ga gungume yana matsawa kaɗan kaɗan cikin zaratan da ke jere, yana fita a matsayin alluna, babu fetur, babu lantarki.

Wanda ya fi kama hankalinmu shi ne De Zoeker, injin matsar mai da aka gina a 1672, domin gyaɗa muka tarar ana matsewa. Manyan duwatsu biyu ne a tsaye bisa gefensu suna kewayawa suna murƙushe ta. Daga nan a ɗumama garin a kan wuta, a ɗura cikin 'yan jakunkuna, a sa a wani akwati, sai wasu manyan taɓare na katako su riƙa faɗowa kan wani ƙotar itace suna cusa shi ciki, har mai ya tsiyaye. Abin da ya rage kuwa na dabbobi ne. Ɗaya daga cikinmu, wadda mahaifiyarta ke yin ƙuliƙuli, ta ce babu matakin da ba ta sani ba a nan: suya, niƙa, matsa, tunkuza. Bambancin kawai, abin da tsohuwarta ke yi da ƙarfin damtse, su iska suka ɗora wa. Sai muka tuna da dalar gyaɗa ta Kano, da yadda tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1912 ake kwasar gyaɗarmu zuwa Turai a matse ta a can. Ƙamshin da ya tarye mu a tasha ya nuna cewa a kan koko har yanzu ba a sauya zane ba: noma a wurinmu, sarrafawa da mafi yawan riba a wurinsu.

Akwai kuma abin da ba za ka gani a hotunan da ake sayar wa baƙi ba. Zamanin da katako ya yi araha jiragen Holan suka cika teku, shi ne zamanin da aka kafa kamfaninsu na Indiya ta Yamma a 1621, wanda ya ƙwace sansanin Elmina na gaɓar Gana ta yau daga hannun Fotugal a 1637. Jiragen Holan sun yi jigilar 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa bauta a hayin Tekun Atlantika, kuma sai a Disamba 2022 firayim ministansu Mark Rutte ya nemi gafara da sunan gwamnati. Fasaha ba ta zaɓar wa mai ita abin da zai yi da ita.

To, jama'a, ga abin da ya raba kanmu. Muna cin abincin rana muka ji cewa ƙauyen nan, a yadda yake, bai girmi kakanninmu ba. Da injin tururi ya shigo a ƙarni na 19, injinan iska suka riƙa mutuwa: wasu gobara ta cinye, wasu aka rushe aka sayar da katakon, har ya rage 'yan ƙalilan. A 1925 wani mai zane, Frans Mars, da abokansa suka kafa ƙungiyar De Zaansche Molen domin ceton abin da ya saura. Daga baya, tsakanin 1961 da 1974, aka riƙa ciro tsofaffin gidaje da injina daga garuruwan da ke kewaye, wasu a kan manyan motoci, wasu ta ruwa, ana dasa su a wannan fili. Shi kansa Het Jonge Schaap da ya burge mu, na ainihin an rushe shi a 1942. Wanda muka shiga an kammala shi ne a 2007 bisa zanen da wani ya yi kafin rushewar.

Biyu daga cikinmu suka ce ashe wasan kwaikwayo muka biya kuɗin jirgi muka zo kallo. Hujjarsu ba ta da rauni. Shagunan cuku da na takalman katako sun fi injinan cika, kuma a 2024 baƙi wajen miliyan 2.6 suka shiga ƙauyen da mazaunansa ba su wuce kimanin 100 ba, suna leƙa musu tagogi suna ɗaukar hoto, har a 2025 majalisar yankin ta bayyana shirin sanya kuɗin shiga.

Sauranmu muka ce a dubi mutumin da ke cikin injin. A gabanmu iska ta sauya, ya fita ya murɗa wata ƙafa ta katako, ya juya kan injin gaba ɗaya har fukafukan suka fuskance ta. Da ta ƙara ƙarfi ya ja birki, ya naɗe wani sashe na tamfol ɗin da ke kan fukafukan, domin in gudu ya yi yawa gogayyar katako na iya tayar da wuta. Yana yi yana duban gajimare, wani saurayi na biye da shi yana koyo. Wannan ilmi ba a ɗora shi a mota a kawo. An same shi ne domin ba a taɓa barin injinan su zauna shiru ba, kuma akwai masu sa kai da ke koyon sana'ar har su ci jarrabawa. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar sarrafa injin iska da na ruwa ta Holan cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Ku lura, sana'ar aka rubuta, wato abin da ke kan mutum da hannunsa.

Har muka hau jirgin komawa ba mu daidaita ba, amma mun yarda a kan abu guda. Ginin da aka rushe ana iya mai da shi in akwai zane da kuɗi, kamar yadda aka yi bayan shekara 65. Gwanin da ya mutu bai bar almajiri ba kuwa, babu zanen da zai dawo da shi.

Da yawanmu a zauren nan gobe za mu zauna a ofisoshin al'adu, ko na ciniki, ko na ilmi, wasunku ma kun riga kun zauna. Wata rana fayil zai iso teburinku a kan wata tsohuwar marina, ko maƙera, ko majema, ana neman kuɗin katanga da fenti da allon suna. Roƙonmu shi ne, kafin ku sa hannu ku tambaya: mutum nawa ke aiki a wurin, shekarunsu nawa, yara nawa ke koyo a hannunsu, kuma wa ke sayen abin da suke yi? In amsar ba ta yi daɗi ba, to, nan ya kamata kuɗin su fara zuwa.