Shekaru Biyun da Suka Ɓace Tsakanin Sakandare da Jami'a

Shugaban taro, iyayenmu, malamai 'yan'uwana, da jami'an ma'aikatar ilimi da na hango a sahun gaba, na gode da gayyata. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka gaisuwa ta tsaya nan.

A watan Satumban kowace shekara, yaron Ingila ɗan shekara 16 da ya gama jarrabawar GCSE yakan shiga wani zango na shekara biyu kafin jami'a. Yakan ajiye darussa tara ko goma da ya saba da su, ya riƙe uku, ya nutsa cikinsu har ya zana jarrabawar A-level. A jadawalinsa akwai sa'o'in da babu malami a kansa, dole ya koyi zama da littafi shi kaɗai. A shekara ta biyu zai cika takardar neman jami'a ta hukumar UCAS, inda yake da zaɓi har biyar, malamin da ya san shi ciki da bai ya rubuta masa shaida. Mai son likitanci, ko Oxford da Cambridge, a tsakiyar Oktoba ake rufe masa ƙofa, kusan shekara guda kafin ya taka jami'ar. Tun 2015 kuma dokar Ingila ta ce matashi ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika 18.

A wurinsu muka gaji wannan tsari, kuma mun taɓa yin sa. Akwai masu furfura a wannan zaure da suka yi HSC a Barewa ko Keffi. Ga matasa, ba SS3 nake nufi ba, wasu shekaru biyu ne bayan an gama sakandare. Rahoton Ashby na 1960 faɗaɗa su ya ce a yi. Mu kuwa, da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 da ya biyo bayanta, sai muka tattara su muka ajiye. Maƙwabtanmu na yankin Ingilishi a Kamaru har yau suna riƙe da nasu.

Ku yi lissafin tare da ni. A da, bayan firamare: biyar a sakandare, biyu a HSC, uku a jami'a. Goma ke nan. Yanzu shida a sakandare, huɗu a jami'a. Goma dai. Ashe ba a rage wa kowa ko kwana ɗaya ba. An ɗauki shekara guda an liƙa wa sakandare, aka ɗauki ɗayar aka kai jami'a aka sa mata suna aji ɗaya. Karatun da ake yi a ƙaramin aji, gaban malamin da ke gyara rubutun ɗalibi da jan biro duk mako, shi aka mayar babban ɗakin lacca. Ku leƙa darasin lissafi ko kemistiri na 'yan aji ɗaya da ƙarfe bakwai na safe. Wasu a kan taga, wasu a tsaye a bakin ƙofa, na baya suna kwafar littafin na gaba, malami yana fama da lasifikar da ke ɗaukewa duk sanda aka ɗauke wuta. Wannan malami bai san sunan yaron ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Shekarar da ta fi kowace bukatar a riƙe hannun yaro, a cikinta muka sake shi.

To, mu zo kan alƙaluma, domin a nan nake so in daɗe. A 2024 hukumar JAMB ta saki sakamakon ɗalibai sama da miliyan 1.8. Daga cikinsu, fiye da miliyan 1.4, wato kashi 76 cikin 100, ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗanda suka kai 300 ba su cika dubu tara ba. A 2025 kusan miliyan biyu suka zana, sama da miliyan 1.5 suka gaza 200 a sakamakon farko. Na san za a ce min a waccan shekarar an samu tangarɗar na'ura. Haka ne, ɗalibai wajen dubu 380 a Legas da Kudu maso Gabas sun sake zanawa, kuma shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Amma 2024 fa? Wace na'ura ce ta lalace?

Me muka yi da muka ga wannan? Taron tsara shiga manyan makarantu ya sa mafi ƙarancin makin jami'a 140 a 2024, ya ɗaga zuwa 150 a 2025. Maki 140 cikin 400 kashi 35 ne cikin 100. Kwalejojin ilimi, inda ake horar da waɗanda za su koyar da jikokinmu, an bar su a 100 a waɗannan shekaru biyu, kashi 25 ke nan. Jarrabawar nan ta zaɓi ce, amsoshi huɗu a gaban kowace tambaya. Wanda ya rufe ido ya yi ta danna harafi ɗaya daga farko har ƙarshe, lissafi ya ce wajen kashi 25 zai samu. Ina so jami'an ma'aikata su rubuta wannan a takardarsu.

Kuma ku dubi abin da jarrabawar take aunawa: tambayoyi 180 cikin sa'a biyu, 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗayan sauran darussa uku. Daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ba na raina ta, ta rage maguɗi ƙwarai tun da aka koma kwamfuta. Sai dai ba ta tambayar ko yaro zai iya rubuta shafi biyu masu ma'ana, ko ya taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa, ko ya san abin da ya sa ya zaɓi kwas ɗin da ya zaɓa. Mai neman A-level shekara biyu yake yi ana auna waɗannan. Namu sa'a biyu.

Zaɓin kwas ɗin ma wa ke yin sa? Ku je wurin rajista a watan Fabrairu. Yarinya ce a tsaye da hijabinta, riƙe da lambar NIN a guntuwar takarda, layi ya kai titi. Mai kwamfuta ya ɗago kai ya ce, "Wane kwas?" Ta ce likita. Ya ce, "An cika yawa a nan, in sa miki wani?" Ta waiwaya ta dubi yayanta, ya ɗaga kafaɗa. Cikin minti biyu wani saurayi da bai taɓa ganinta ba ya yanke mata aikin da za ta yi har tsufa, wani lokaci ma da haɗin darussan da jami'ar ba za ta karɓa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a bakin motar muke fafe ta.

A 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai ɗan 18 zai shiga jami'a. Aka yi ca a kansa. Wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da ita 16, daga baya kuma ya kawo shawarar tsarin 12-4. An sha muhawara a rediyo da jaridu, amma ban ji wanda ya yi tambayar da ta dame ni ba: tsakanin 16 da 18 ɗin, ina yaron zai zauna? Mun san amsar. Namiji yana bakin titi a majalisa, ko ya karɓi Keke Napep yana biyan balas, yana cewa yana jiran admishan. Mace kuwa, in ta yi shekara biyu a gida, zancen karatu ya zama tarihi sai wadda Allah Ya tsaga da rabonta.

Abokaina a tsangayoyin ilimi suna cewa HSC ta 'yan gata ce, makarantu ƙalilan ke da ita, musamman a Arewa. Gaskiya ne, shi ya sa ma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, aka kuma kafa jarrabawar share fage ta IJMB a 1976. Maganin ƙarancin abu a yawaita shi. Yau ɗin ma ai ta 'yan gatan ce: mai kuɗi yana kai ɗansa makarantar kuɗi ya yi A-level ta Cambridge, ko ya biya JUPEB ko IJMB ya shige aji biyu kai tsaye. Ɗan talaka kaɗai aka soke wa. Wasu kuma suna kawo batun jabun takardu, cewa JAMB ta bayyana a 2023 yadda Jami'ar Bayero ta tantance sakamako 148 na masu neman shiga aji biyu, shida kacal suka inganta. Wannan hujjata ce. Abin da gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa, haka yake zama. Masu cewa babu kuɗi kuwa, su fara kawo mana lissafin abin da ake kashewa kan ɗaliban da jami'a ke kora bayan aji ɗaya, sannan mu zauna.

Abin da nake nema na daɗe ina faɗarsa. Kowace jiha ta ware 'yan makarantun kwana, na maza da na mata, ta buɗe musu babban aji bayan SS3 a kan manhajar IJMB, darussa uku, kyauta, da ɗakin gwaji mai aiki. Kada a jira Abuja. Kano ba ta jira kowa ba lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can suna cikin wannan zaure. A sa malami guda wanda aikinsa kaɗai shi ne zama da kowane ɗalibi a kan abin da zai yi bayan makaranta, kuma shi zai sa hannu kafin a cika fom ɗin JAMB.

Ba kowa ne zai tafi jami'a ba, don haka ajin ya zama da ƙofa ta biyu. Ingila ta fara abin da ta kira T Level a 2020, inda ɗalibi yake yin aƙalla kwana 45 a wurin aiki na gaske. Mu kuwa mun taɓa zuba darussan sana'a sama da talatin a manhajar sakandare, muka riƙa koyar da walda da alli a kan allo, alhali Panteka tana nan a Kaduna cike da ƙwararru. A biya su, a tura musu yaran kwana biyu a mako, hukumar jarrabawar sana'a ta NABTEB ta ba da takardar.

Ranka ya daɗe wakilin kwamishina, ana shirya kasafin baɗi yanzu. Makarantu uku nake roƙo a fara da su, ɗaya a kowace shiyyar sanata, kuma ɗaya daga cikin ukun ta mata ce.